Kuɗi Sun Fita, Ba Su Shiga Ba: Inda Saƙon Manomin Bunkure Ke Maƙalewa

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani ya nuna a gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, babu abin da ya kai safiya tsada. Tun da duku-duku ake tsinka, a jera kwanduna a bakin hanya ko a kai Kwanar Gafan, dillalai su yi ciniki, 'yan dako su loda, manyan motoci su kama hanyar Kudu kafin rana ta take. Kwandon da ya wuni a rana ba shi ne wanda aka tsinko da asuba ba, kuma mai saye ya fi kowa sanin haka. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka ce za ta riƙa haɗiye tan 1,200 a kullum, ta sha buɗewa da rufewa, don haka har yau kasuwar ɗanyen kaya ce madogarar yawancin manoma.

A 'yan shekarun nan wani sabon mataki ya shiga tsakanin "na sallama" da tashin mota. Mai saye ya zaro waya, ya karɓi lambar asusu, ya danna. 'Yar da'irar nan ta kama juyawa a fuskar wayar, ta juya, ta juya. Can sai ya miƙa wa manomi ya gani: an cire. Manomi ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar wayarsa mai madannai, ya ɗaga ta sama, ya sauke. Babu alat.

"Alhaji, ni fa ban ga komai ba."

"Malam, wallahi sun fita. Ga shaida nan a gabanka."

Direba yana matsa hon, 'yan dako sun tsaya da kwando a ka, ba su san ko su ɗora ko su sauke ba. Yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS shi ne alƙalin da ake zuwa wurinsa, shi kuwa hukuncinsa ɗaya ne kullum: "Baba, a ƙara haƙuri, netwok ne."

Wannan amsa ta zame mana kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙararsa. To amma jinkirin saƙo ba daga sama yake faɗowa ba. Yana da wuraren da yake aukuwa, ana iya auna shi, kuma mafi yawansa aikin hannun mutane ne: shawarar da wani ya yanke a ofis, ko kuɗin da wani ya ƙi kashewa. Wanda kuwa yake biyan farashinsa shi ne mai kayan da ba sa jira.

Tafiyar da saƙo ke yi

Masu aikin sadarwa suna bambanta abu biyu da mu muke haɗawa. Akwai yawan bayanan da hanya ke iya ɗauka a cikin sakan guda, wanda shi kamfanoni ke tallatawa. Akwai kuma tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo da amsa, wanda ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Manomin Bunkure ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan bambanci, domin da shi yake rayuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1971 da 1974, ruwan da ke shayar da wannan yanki yana bin babban kanal ne, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rabu zuwa rassa, ya shiga ƙananan magudanai har ya iso kan gona. Faɗin kanal daban, lokacin da ruwa zai iso daban. Ana iya buɗe ƙofa a sama da safe, mai gona a ƙarshen layi ya wuni yana jira, musamman idan kachalla da laka sun cushe hanya, ko na gaba da shi sun tare sun sha tukuna. Ba a rasa ruwa a Tiga ba. A hanya ya maƙale.

Mutum biyun nan da ke tsaye a Kwanar Gafan, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, amma kuɗin da ɗaya zai ba ɗaya sai sun yi doguwar tafiya. Daga waya saƙo zai hau iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan, idan ƙarfen ba shi da wayar fayiba, sai ya yi ta tsalle daga wannan faranti zuwa wancan har ya iske inda fayiba take, ya shiga Kano, ya bi cibiyar kamfanin waya, ya nufi kwamfutocin bankin mai saye, waɗanda galibinsu a Legas suke. Bankin zai tambayi NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya kuma take tafiyar da tsarin tura kuɗi nan take tun 2011, ko wannan lamba ta wane ce. NIBSS ta tambayi bankin manomi, amsa ta dawo, suna ya fito a waya. Sai an danna lambar sirri sannan a sake sabon zagaye: a cire a nan, a tura can, can su amsa sun karɓa. Bayan duk wannan ne bankin manomi zai miƙa wa wani kamfani saƙon tes ya kai masa.

Haske a cikin fayiba yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan guda. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, don haka zuwa da dawowa milisakan 10 ne idan hanya ta miƙe kuma babu tsayawa. Ko da saƙon zai tsallaka teku, wayar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, wato milisakan 70 zuwa da dawowa. Ƙiftawar ido ma ta fi haka daɗewa. Gaskiya ne ba sau ɗaya ake zuwa a dawo ba: kafin manhaja ta aika ko harafi ɗaya na kuɗi sai ta nemi adireshin kwamfutar banki, ta ƙulla hulɗa da ita, su yi musayar makullan sirri, kowanne da nasa zagayen. Amma ko an ninka goma, nisa shi kaɗai ba zai kai mu ga rabin minti ba, balle wuni. Sauran lokacin a layi yake tafiya.

Inda sakanni ke zubewa

Layin farko a ƙarfen sabis yake. Kamfani yana kafa ƙarfe ne da lissafin mutanen da ke kwana a wuri da abin da suke kashewa a kan kati da data. Kasuwar kayan gwari kuwa ta kaka ce. Wurin da ya yi shiru da damina, da rani sai ya cika da dillalai da direbobi da 'yan ci-rani, kowa da waya, wani da biyu, kuma duk a sa'o'i ɗaya suke son magana da tura kuɗi. Ƙarfe yana raba lokacinsa tsakanin wayoyin da ke ƙarƙashinsa, idan sun yi masa yawa kowa sai ya jira. Idan layi ya cika maƙil, na'ura ba ta da wata dabara illa ta zubar da wasu ƙunshin bayanan.

A nan ne ƙaramin jinkiri ke zama babba, kuma ya kamata a tsaya a fahimci yadda abin yake. Ƙa'idar da intanet ke bi ita ce, idan aka aika ƙunshin buɗe hulɗa ba a ji amsa ba, a jira kimanin sakan ɗaya a sake aikawa. Idan aka sake rasa amsa a jira biyu, sannan huɗu, sannan takwas. An tsara haka ne don kada kowa ya yi ta turawa a kan hanyar da ta riga ta cushe. Ma'anarsa dai ita ce ƙunshi huɗu kacal da suka ɓace a jere sun isa su mayar da aikin rabin sakan ya koma na sakan 15. A can ɗaya gefen kuma kwamfutar banki tana da nata agogon. Idan wa'adin da aka ɗibar mata ya cika ba ta ji komai ba, sai ta rufe zancen. Idan rufewar ta faɗo bayan an cire kuɗi amma kafin ɗaya bankin ya tabbatar da karɓa, shi ne kuɗi su rataye a tsakani. Mai saye bai yi ƙarya ba, manomi ma bai yi ba.

Sai maganar wuta. Yawancin ƙarafan karkara da janareta da batir suke aiki, dizal kuma a mota ake kai musu. Idan mai ya ƙare, ko aka sace batir, ƙarfe ya mutu, wayoyin da ke ƙarƙashinsa sai su koma kan na maƙwabta mai nisa, su ƙara masa nauyi, da yawa kuma su faɗo daga 4G zuwa 2G. A 4G zuwa da dawowa kan ɗauki 'yan gomomin milisakan. A 2G ɗaruruwa ne. A watan Oktoban 2024, lokacin da layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace aka shafe fiye da mako guda cikin duhu a Kano da maƙwabtanta, hatta cajin waya da na na'urar POS sai da ya zama abin nema.

Fayiba kuma a ƙasa take kwance, galibi a gefen titi, inda katafila ke haƙa, inda masu gina kwalbati ke sara, inda ɓarayi ke tona suna zaton tagulla ce. Idan ta tsinke, sabis ba lallai ya ɗauke gaba ɗaya ba. Akan karkatar da saƙonni ta wata hanya mai nisa wadda ita ma tana ɗauke da nata kayan. Shi ya sa mutum zai ga sandunan sabis a cike a wayarsa, amma komai ya ƙi tafiya. Sandunan nan labarin tsakaninka da ƙarfe kawai suke bayarwa, ba su san abin da ke faruwa a bayansa ba.

Ba kowane laifi ne na kamfanin waya ba, kuma farkon 2023 ya nuna haka ƙarara. A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗi kuwa suka yi ƙaranci. Abin ya faɗo daidai tsakiyar kakar tumatir. Miliyoyin mutane suka koma tiransifa dare ɗaya, kwamfutocin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin, manhajoji suka riƙa ƙin buɗewa ko a tsakiyar birni inda sabis ke da ƙarfi. Manomi da bai taɓa riƙe asusu ba ya wayi gari ko dai ya ari na ɗansa ko na dillali, ko ya karyar da kaya ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu. A wannan lokaci ne OPay da PalmPay da Moniepoint suka samu shiga sosai, saboda mutane sun lura nasu ya fi saurin tafiya. Akwai dalili na fasaha a ciki: idan mai turawa da mai karɓa a kamfani ɗaya suke, kuɗin ba sa fita waje, rubutu ne kawai ake sauyawa a littafi ɗaya.

Shekara guda bayan haka, ranar 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, wasu bankunan Najeriya suka ba abokan hulɗarsu haƙuri, gyara kuma ya ɗauki makonni. Abin tambaya shi ne, me ya haɗa cinikin buhun shanshera a Kura da wayar da ke kwance a ƙasan tekun Atlantika? Amsar ita ce wasu ayyukan da bankuna da manhajoji ke dogara da su a kwamfutocin ƙasashen waje aka ajiye su.

Abin da jira ke ci

Asarar farko a bayyane take: mota ta makara, kaya ya yi laushi, farashi ya sauka. Akwai waɗanda ba a cika lissafa su ba. Mai saye da ya gaji da jira yakan sake dannawa, can da yamma ya tarar an cire sau biyu. Tun Yunin 2020 Babban Banki ya umarci a warware matsalar cinikin POS ko na intanet da bai tafi ba cikin sa'o'i 72, amma kwana uku ga mai jari kaɗan shi ne kuɗin taki, shi ne ladan masu tsinka, shi ne man injin ban ruwa. Idan kuma aka ce sai an je reshe an cike takarda, to wuni ya tafi da kuɗin mota. Matan da ke turara shinkafa a gida suna sayarwa ta hannun 'ya'yansu sun fi kowa shan wannan wahala, domin ba kowacce ke iya ajiye tukunya ta tafi banki ba.

Mafi muni a ganina shi ne abin da jinkiri ya yi wa amana. Saƙon tes ba a gina shi don gaggawa ba. Ajiye shi ake yi a tura idan hanya ta samu, shi ya sa alat kan iso bayan sa'o'i. Da mutane suka saba da cewa alat na makara, sai macuta suka samu ƙofa: a nuna maka rasit na bogi a waya, a ce "zai shigo, netwok ne", a ɗauki kaya. Wanda aka taɓa yi wa haka ba zai ƙara sakin kwando ba sai ya ga kuɗi, ko da mai sayen abokin cinikin mahaifinsa ne. Kasuwar da aka gina a kan "na yarda da kai" ta koma kowa na riƙe da wuyan rigar kowa, a kan laifin da ba na ɗayansu ba.

Rage tafiya, rage layi

Injiniyoyin da suka tsara aikin noman rani na Kogin Kano sun san ruwa ba zai taso daga Tiga ya iso kowace gona a daidai lokacin da ake so ba. Sai suka gina ƙananan tafkuna a sassan aikin, ruwa ya taru a ciki da dare, da safe a buɗe wa manoma daga kusa. Masu intanet ma dabarar da suke bi ke nan. Google da Meta kan ajiye kwamfutoci a cikin hanyoyin kamfanonin waya domin bidiyon da mutum dubu ke kallo kada a ɗauko shi daga Turai sau dubu. Cibiyar IXPN, wadda aka kafa a 2006 don kamfanonin Najeriya su riƙa musayar saƙonni a cikin gida, tana da mahaɗa a Kano. Amfaninta kuwa ya danganta ne ga yawan waɗanda suka jona. Muddin bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ba su ajiye wani ɓangare na kwamfutocinsu a Arewa ba, cinikin Bunkure zai ci gaba da zuwa Legas neman izini. Jihar da ke da kasuwar Dawanau da Kantin Kwari da Singa tana da hujjar da za ta zaunar da su a kan wannan magana.

Ba na cikin masu ganin 5G ce mafita a nan kusa. MTN ta fara ta a 2022, Kano na cikin biranen farko, amma ƙarfen 5G da bai da fayiba a bayansa bai magance komai ba, kuma wayar da ke kama ta ta fi ƙarfin aljihun yawancin manoma. Abin da yankin ke bukata ya fi wannan sauƙin faɗa: fayiba ta isa ƙarafan da ke kusa da kasuwanni, a ba su hanya biyu domin idan ɗaya ta tsinke ɗaya ta ɗauka, a sa musu sola da batir mai kyau, a kuma ƙara musu ƙarfi a watannin kaka. Kamfanoni suna da motocin ƙarfen wucin gadi da suke kaiwa manyan taruka. Kasuwar da ke loda motoci wata uku a jere ba ta gaza taron kwana biyu ba.

Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ta rage wata tsohuwar matsala. Tauraron ɗan'adam na da can yana nisan kilomita 35,786 ne, tambaya da amsa sukan ci fiye da rabin sakan. Na Starlink kimanin kilomita 550 suke, jinkirinsu na 'yan gomomin milisakan ne. Tsada ce matsalarta ga mutum ɗaya. Ga ƙungiyar dillalai, ko ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, faranti ɗaya da sola a ofishin kasuwa, a keɓe shi ga masu POS, ba abu ne da ya gagara ba.

Masu rubuta manhaja su ma suna da nasu kason, kuma shi ya fi arha. Manhajar da sai ta sauke hotunan talla kafin ta nuna wurin tura kuɗi, a Legas aka gwada ta, ba a bakin kanal ba. Kowane ciniki ya kamata ya ɗauki lamba guda da ba ta maimaituwa, yadda ko an danna sau uku sau ɗaya za a cire. Kuma a gaya wa mutum gaskiyar inda kuɗinsa suke, ko sun tsaya a bankinsa ne ko sun isa na wancan. An taɓa koyon wannan darasi a harkar noma. Shirin rabon taki ta waya da aka fara a 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, ya sha tangarɗa a ƙauyukan da saƙo ba ya shiga, har aka gwada wani kati a Sakkwato da Abuja wanda ake karantawa ba tare da sabis ba, a tura bayanan daga baya.

Kafin manya su motsa, masu ciniki sun riga sun ƙirƙiro nasu dabarun, kuma suna da tushe. Mai POS yakan riƙe na'ura biyu da layuka daban-daban. Dillalai kan buɗe asusu a kamfanin da abokan cinikinsu suka fi amfani da shi. Gogaggen manomi ba ya jiran tes, yana duba ragowar kuɗinsa ta lambar USSD ko ta manhaja, duk da cewa kowane shiga ta USSD naira 6.98 ne. Wanda kuma ya ga abu ya rataye, gara ya duba tarihin asusunsa kafin ya sake dannawa.

A kan takarda gwamnati ta ɗauki matakai. A 2020 gwamnoni sun amince kuɗin izinin binne fayiba ya tsaya a naira 145 kan kowace mita. A 2024 an ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, aka kuma sanar da shirin shimfiɗa fayiba kilomita 90,000. Ko nawa ne daga ciki zai bi ta Bunkure, ya danganta ga wanda ya tashi ya nema. Yankin kuwa yana da abin da wasu ba su da shi: hanyoyin da ke bin gefen kanal, masu ratsa gonaki da ƙauyuka, waɗanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ƙasa ce da ba a cika tona ta ba kamar gefen babban titi. Duk sanda aka shigo da injina gyaran kanal, binne bututun da fayiba za ta bi a gefensa ƙaramin ƙari ne a kan kuɗin aikin. Shugabannin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, da wakilansu a majalisa, za su iya kai wannan bukata gaban hukumar kogunan da kuma hukumar sadarwa ta NCC tun kafin a zana taswirar inda sababbin layukan za su bi.